Ranar da Delors ya shanya mutanensa

Yau tarihi za mu taɓa, kuma ba na gida ba ne, ko da yake za ku ga inda ya biyo ta ƙofar gidanmu. Mun san akwai wanda zai ce me ya haɗa mu da siyasar Faransa a wanga lokaci. Ku yi haƙuri ku bi mu. Labarin wani mutum ne da jam'iyya sukutum ta zauna tana jira wata da watanni ya ce ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Binciken jin ra'ayin jama'a yana ba shi nasara, abokan hamayya sun fara shan jinin jikinsu, sai ranar da ya buɗe baki ya ce shi ba ya yi. Sunansa Jacques Delors, shekarar kuma 1994.

Mu masu wannan rubutu muna ƙanana sannan, wasunmu ko lakwal ba a sa mu ba. Sunan nasa a aji munka fara jin shi, ranar da mushen tarihi ke koya mana yadda anka gina Tarayyar Turai. Amma iyayenmu ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda ke kwana da rediyo a kunne, sun bi abin da zafinsa, kuma suna da dalili. A Janairun 1994 ne anka taru a Dakar anka karya darajar sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Magani da madara da duk wani kaya mai zuwa daga waje sunka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana inda yake, in ma an biya. Faraministan Faransa na lokacin, Édouard Balladur, shi ne ya ce ƙasarsa ba za ta ƙara zuba kuɗi ga ƙasashen sefa ba sai sun daidaita da asusun lamuni na duniya. To shi wannan Balladur ɗin yana cikin masu haramar gadon kujerar François Mitterrand a zaɓen 1995. Don haka wanda zai hau kujerar Paris ba labarin nishaɗi ba ne ga mai ɗaukar albashi a Yamai.

Delors ɗin wane ne? An haife shi a Paris a 1925. Ubansa ƙaramin ma'aikaci ne a babban bankin Faransa, shi ma nan ya fara aiki, ya tashi cikin ƙungiyar ƙwadago ta mabiya ɗarikar Katolika. Bai biyo ta manyan makarantun da ke ƙera shugabannin Faransa ba. Ya yi wa faraminista Chaban-Delmas, mutumin De Gaulle, aikin ba da shawara, daga baya a 1974 ya shiga jam'iyyar gurguzu ta PS. Da Mitterrand ya ci zaɓe a 1981 ya ba shi ministan kuɗi da tattalin arziki. A hannunsa anka rage darajar faran sau uku, a 1981 da 1982 da 1983, kuma kowane karo sefa na biye da shi kamar bindi, tunda a ɗaure suke. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a 1983 sai gwamnati ta ɗaure ɗamarar tsuke bakin aljihu. Muna faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka muna cewa da shi ya ci, da mun sha romo. Ba mu ce ba.

A Janairun 1985 ya koma Burusel ya zama shugaban Hukumar Tarayyar Turai, ya shekara goma a nan. A zamaninsa anka buɗe kasuwar bai ɗaya, anka sa hannu a yarjejeniyar Maastricht a 1992, kuma kwamitin da ya jagoranta ne ya zana hanyar da ta kai ga kuɗin yuro. Yuron nan da sefarmu ke ɗaure da shi tun 1999, yuro guda kusan sefa 656, da hannun Delors a ciki. Wa'adinsa a Burusel zai ƙare a Janairun 1995, zaɓen Faransa kuma a Afrilu. Kamar an auna.

Jam'iyyarsa kuwa a lokacin tana kwance rai a hannun Allah. A zaɓen ƴan majalisa na Maris 1993 sun sha kayen da ba su taɓa sha ba: cikin kujeru 577, depitocin PS ba su kai 60 ba, ɓangaren dama ya kwashe sama da 450. Bayan ƴan makonni tsohon faraministansu Pierre Bérégovoy ya kashe kansa, ranar 1 ga Mayu. Mitterrand na nan a fada amma ya tsufa, ciwon daji na cin sa, gwamnati na hannun abokan hamayya. Wanda kowa ya ɗauka shi ne zai tsaya musu, Michel Rocard, ya ja jerin jam'iyyar a zaɓen majalisar Turai na Yunin 1994 ya tashi da kashi 14 da rabi cikin 100. Ba a yi mako biyu ba anka sauke shi daga shugabancin jam'iyya, anka ɗora Henri Emmanuelli. Daga ranar nan babu sauran suna a bakin ƴan gurguzu sai guda. Delors bai cikin waɗanda faɗuwar 1993 ta ɓata wa suna, tunda yana can Burusel, kuma masu ra'ayin tsakiya, har da wasu na dama, suna ganin girmansa.

Nan jira ya soma. Yuli ya wuce, Agusta ya wuce, anka dawo daga hutu, mutumin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ƴan jarida su tare shi, ya yi murmushi ya ce shi aikin Turai ne a gabansa. Duk kalmar da ta fito bakinsa sai a kwana ana juya ta. In ya soki gwamnati a ce ai ga shi nan ya fara kamfe, in ya yi zancen gajiya a ce dabara ce.

Kuma ba wauta ce ta sa sunka ɗauki shirun a matsayin amincewa ba. A siyasar Faransa jan rai tsohuwar dabara ce. De Gaulle a 1965 sai da ya rage wata guda a yi zaɓe ya bayyana cewa zai sake tsayawa. Mitterrand a 1988 ya bar kowa cikin duhu har 22 ga Maris, zaɓe kuma 24 ga Afrilu, kuma ya ci. Hikimar ita ce, muddin ba ka ce ka tsaya ba, kai uban ƙasa ne, ba mai jifar ka. Ranar da ka furta, ka zama ɗan takara kamar kowa. To amma waɗancan biyun suna kan kujera ne, kuma sun san a ransu cewa za su tsaya. Ƴan PS sun ɗauka Delors ma wasan da yake yi ke nan.

Shi ma ya ba su abin riƙewa. A Nuwamban 1994 ya fitar da littafin hira mai kauri da wani masani, Dominique Wolton, inda ya baje tunaninsa kan aikin yi da ilimi da yadda ya kamata a tafi da ƙasa. A Faransa in ɗan siyasa ya fitar da irin wannan littafi ana saura wata biyar zaɓe, kowa ya san me ake nufi. A cikin watan dai jam'iyyar ta yi babban taronta a Liévin, garin masu haƙar gawayi a arewacin ƙasar. Abin dariya, taron ya amince da manufofi masu kaifi na ɓangaren hagu, irin waɗanda Delors bai yarda da su ba ko kaɗan, sannan Emmanuelli ya hau mumbari ya yi kira gare shi da sunansa, yana ce masa tsayawa takara wajibi ne a kansa. Wato suna son mutumin, ba su son tafiyarsa. Shi kuwa bai ko halarci taron ba.

A can ɓangaren dama ba su zauna ba. Jacques Chirac, magajin garin Paris, ya bayyana takararsa tun 4 ga Nuwamba a wata jaridar arewacin ƙasar, alhali binciken ra'ayi na nuna shi a baya, har mutanensa na guduwa wajen Balladur. Ya shiga ƙauyuka yana gaisawa da manoma. Shi ba a roƙe shi ba, shi ya roƙa. Duk da haka zuwa farkon Disamba bincike na nuna cewa in an je zagaye na biyu Delors zai iya kayar da Chirac, zai iya kayar da Balladur.

Ranar 9 da 10 ga Disamba shugabannin Turai sunka yi taro a Essen ta Jamus, taronsa na ƙarshe a matsayin shugaban hukuma. Kashegari Lahadi, 11 ga wata, da ƙarfe bakwai na yamma, ya zauna gaban ƴar jarida Anne Sinclair a shirin 7 sur 7 na tashar TF1. Mutum fiye da miliyan 10 ne ke gaban tele. Mu da ke aikin makirfo mun san yadda ake riƙe mai sauraro, ka ajiye abin da yake jira sai can ƙarshe, amma wannan ya wuce misali. Aka yi ta zancen Turai, da rashin aikin yi, da kaza da kaza, sai da shirin ya yi nisa sannan ya jawo takarda ya fara karantawa. Ya ce ya yanke shawarar ba zai tsaya ba. A ofisoshin jam'iyya inda anka taru don a yi murna, wasu kuka sunka yi.

Dalili biyu ya kawo. Na farko shekaru: zai cika 70 a Yuli mai zuwa, ya yi shekara hamsin yana aiki ba hutu, wa'adin shugaban ƙasa kuma a lokacin shekara bakwai ne. Na biyun shi ne ya fi nauyi. Ya ce ko ya ci zaɓe ba shi da rinjaye a majalisa da zai aiwatar da abin da ya yi imani da shi. Majalisar 1993 ta ƴan dama ce. In ya rusa ta a sake zaɓe, ba ya ganin PS da ƙawayenta za su samu rinjaye. Masu ra'ayin tsakiya da ya sa rai za su mara masa baya, ƴan jam'iyyar CDS (tasu ta can, ba CDS-Rahama tamu ba), suna cikin gwamnatin Balladur da kujerun minista, ba su nuna alamar motsawa ba. Don haka zai zama shugaba a fada, faraminista daga abokan hamayya na mulki, shi yana kallo. Ya ce yin haka yaudarar mutane ne, kuma takaicin da za su ji gobe ya fi baƙin cikin da suke ji yau.

Nan ne labarin ya biyo ta ƙofarmu. A daren da yake karanta takardar nan, mu a Nijar muna tsakiyar shiga ramin da yake gudu. Kundin tsarin mulkin da munka amince da shi ranar 26 ga Disamban 1992, bayan taron ƙasa, a kan na Faransa anka ɗinka shi: shugaban ƙasa da jama'a ke zaɓa, da faraminista da majalisa ke iya tsigewa. Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a Maris 1993 da goyon bayan ƙawancen AFC, ya naɗa Mahamadou Issoufou faraminista. A ƙarshen Satumban 1994 Issoufou ya yi murabus, PNDS-Tarayya ta fice ta haɗe da MNSD-Nassara, shugaba ya wayi gari ba rinjaye. Gwamnatin Souley Abdoulaye da ya naɗa ba ta yi wata guda ba majalisa ta kayar da ita, shi kuma ya rusa majalisar a tsakiyar Oktoba. Anka koma rumfunan zaɓe ranar 12 ga Janairun 1995, wata guda cur bayan jawabin Delors, ƴan adawa sunka samu kujeru 43 cikin 83. Shugaba ya gwada naɗa Amadou Cissé, majalisa ta ƙi shi, dole a Fabrairu ya naɗa Hama Amadou, Issoufou kuma ya zama shugaban majalisa.

Abin da ya biyo baya manyanmu sun san shi. Faransawa na kiransa kohabitasiyo, mu dai zaman kishiyoyi munka gani. Faɗa kan wa ke tsara ajandar taron ministoci, faɗa kan wa ke naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, shugaba ya ƙi kiran taro, faraminista ya yi taro ba shugaba. Shekara guda ana haka, ƙasa a tsaye, har ranar 27 ga Janairun 1996 da Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Saboda haka in Bafaranshe ya ce Delors tsoro ne kawai ya kama shi, mu ba za mu yi saurin yarda ba. Shugaba marar rinjaye a irin wannan tsari mun ga yadda yake ƙarewa, kuma a kanmu anka gwada.

Inda muke riƙe shi da laifi daban ne. Duk dalilan da ya karanto a Disamba, wanne ne bai sani ba tun Yuni? Shekarunsa ya san su. Yawan kujerun majalisa kowa ya sani tun Maris 1993. Cewa PS ta karkata hagu, ai ɗora Emmanuelli kaɗai ya isa ya gaya masa. Abin da za a iya cewa ya jira shi ne matsayin masu ra'ayin tsakiya, amma wane minista ne zai bar kujerarsa ya bi mutumin da bai ma ce zai tsaya ba? Shi yana jiran su motsa kafin ya furta, su suna jiran ya furta kafin su motsa. A garuruwanmu mun san saurayin da zai riƙa zuwa zance, iyaye su kore kowa saboda shi, a yi shekara bai turo ba, ranar da anka matsa ya ce shi dama bai shirya ba. Ba a ce dole ya aura ba, amma ya kashe mata kasuwa. Wata shida babu wani ɗan PS da ya isa ya ɗaga yatsa ya ce yana so, don za a ce yana yi wa Delors zagon ƙasa.

Masu kare shi suna cewa muƙaminsa na Burusel ne ya ɗaure masa baki, shugaban hukumar ƙasashe goma sha biyu ba zai shiga kamfe na ƙasa guda ba. Gaskiya ne wannan ya hana shi cewa e. Bai hana shi cewa a'a ba. A'a ba ta ɓata wa kowa rai a Jamus ko Ingila. Mu abin da muke gani, mutumin ya ji daɗin roƙon, kuma wataƙila shi kansa ya yi ta kai da kawo a zuciyarsa har kwanakin ƙarshe. An daɗe ana yi masa ba'a cewa ya fi son a naɗa shi da a zaɓe shi, kuma tarihinsa bai ƙaryata ba. Bai taɓa zama depite a majalisar ƙasarsa ba. Zaɓen da ya shiga su ne na majalisar Turai a 1979, cikin jerin jam'iyya, sai na magajin garin Clichy a 1983. Manyan kujerunsa duka naɗi ne.

Jam'iyya ta wayi gari 12 ga Disamba ba ɗan takara, saura wata huɗu da ƴan kwanaki. Sai kowa ya fito da kai. Lionel Jospin, wanda ya rasa kujerarsa ta depite a 1993 har ya ja baya daga siyasa, ya ce ranar 4 ga Janairu yana so. Emmanuelli ma ya ce yana so. A gurguje anka shirya zaɓen fidda gwani na ƴan jam'iyya ranar 3 ga Fabrairu, Jospin ya samu wajen kashi biyu cikin uku. Balladur ya riga ya bayyana tasa takarar tun 18 ga Janairu, Chirac kuwa ya yi wata uku yana zagaya ƙasa. Mutane da yawa na cewa ɗan PS ko zagaye na biyu ba zai kai ba.

Sai ga Jospin ya zo na ɗaya ranar 23 ga Afrilu da kashi 23 da ɗoriya, Chirac na biye da kusan 21, Balladur ya faɗi da 18 da rabi. A zagaye na biyu, 7 ga Mayu, Chirac ya ci da kashi 52 da rabi da ɗan kai, tazarar ƙuri'u wajen miliyan ɗaya da rabi. Delors ne ya shugabanci kwamitin goyon bayan Jospin, ƴarsa Martine Aubry kuma na cikin masu magana da yawun kamfe ɗin. Ba wanda zai rantse cewa da an ba Jospin wata shidan nan da ya ci. Amma mutumin da ya fara gudu a Fabrairu ya kai nan, dole wanda ya shanya su ya sha tambaya.

Rinjayen da Delors ya ce babu shi kuwa, bai yi nisa ba. A 1997 Chirac da kansa ya rusa majalisa yana neman ƙarin ƙarfi, ƴan hagu sunka cinye zaɓen, Jospin ya zama faraminista har shekara biyar, Martine Aubry ta zama ministar ƙwadago ta kawo dokar aikin awa 35 a mako. Kohabitasiyon da Delors ya guda, Chirac ne ya sha ta, kuma sojan Faransa bai fito daga bariki ba. Chirac ɗin ya sake cin zaɓe a 2002, kuma mutanen Tawa na tuna zuwansa garinsu tare da Tandja a Oktoban 2003.

Delors bai sake neman wata kujerar zaɓe ba. Mutumin da ya ce a 1994 ya tsufa ya ƙara shekara 29 a duniya. Mitterrand ya rasu a 1996, Rocard a 2016, Emmanuelli da ya roƙe shi a Liévin a 2017, Chirac a 2019, duk yana raye. Shi ya rasu ranar 27 ga Disamban 2023 a Paris, yana da shekara 98.